Giɓin da Mai Kujeru Ya Cike

Duk wanda ya taɓa zuwa biki ko zaman makoki a unguwarmu ya zauna a kan kujerar marigayi, ko ya sani ko bai sani ba. Mai Kujeru ake ce masa, har matarsa idan ta ji haushinsa haka take kiransa. Shagonsa ɗan ƙarami ne a bayan gidan mai, cike da fararen kujerun roba da aka ɗora bisa juna har suna taɓa rufi. Tsumma ba ya barin kafaɗarsa. Ko a gidan mutane ya ga kujera sai ya goge ta kafin ya zauna, idan ma ya zauna, don shi mutum ne na tsaye. Allah ya jiƙansa.

Jera kujera a wurinsa ba wasa ba ne. Yakan tsaya a ƙarshen layi ya rufe ido ɗaya, idan wata ta leƙo ko da kaɗan sai ya tura ta da gwiwa. Abin da ya fi tsana shi ne giɓi. Cewa yake layi mai giɓi bakin tsoho ne. Wannan aikin ne ya cinye masa baya, har ya zama sai ya dafa bango yake miƙewa. Shi ya sa ya ɗauki alkawari a ransa cewa Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ba za ta yi dakon kujerar kowa ba.

Ranar da ta samu gurbi a jami'a ya tambaye ta abin da za ta karanta. Ta ce shirya manyan taruka, da kula da baƙin da kasuwanci ke kaiwa garin da ba nasu ba.

"To shi taron, me ake shiryawa a ciki?"

"Komai, Baba. Masauki, mota, abinci, wa zai yi magana, ina kowa zai zauna."

"Ina kowa zai zauna," ya maimaita. "Wato kujera ke nan."

Direban da ke kai masa kaya, amininsa tun suna yara, ya fashe da dariya. "Mutumina, ka huta. Ka samu magajiya, har da digiri."

"Rufe mana baki, kai da motarka sai an tura."

Ya yi dariya, amma maganar ta tsaya masa a rai. Shekarun karatun nan kaf bai taɓa hana ta komai ba, bai kuma daina tambayar kansa ba ko dakon kujera ya tura 'yarsa ta koyo da Turanci.

A shekarar ƙarshe aka ce jarrabawarsu ba ta takarda kaɗai ba ce. Kowane rukuni zai shirya taro na gaske, da baƙi na gaske, malamai su zo su duba su ba da maki. Auta ce shugabar rukuninsu. Taron ƙananan 'yan kasuwa ne daga garuruwa daban-daban, a babban ɗakin taron wani otal, kuma kujerun otal ɗin ba su isa ba. Ta ce wa babanta ya kawo nasa, ya ajiye kawai, su za su jera. Ya kai da yamma ya tafi.

Washegari da sassafe hankalinsa ya ƙi kwanciya. Ya tayar da direba suka koma, wai ya leƙa kawai. Da mai gadi ya buɗe musu ɗakin, Mai Kujeru ya dafe kai. Giɓi ko'ina. A layin gaba babu kujera a nan, babu a can. A tsakiya an bar hanya mai faɗin da mota za ta bi. Ƙasa kuma duk an manna mata shuɗin salatef, nan da can, kamar yara sun yi wasa.

"Yaran nan za su kayar mini da 'ya," ya ce. "Kama mu gyara kafin malamai su gani."

"Ta ce kada ka taɓa fa."

"Ni za ka koya wa kujera?"

Suka duƙufa. Ya cike kowane giɓi, ya matse hanyar tsakiya, ya durƙusa da bayan nan nasa ya ɓamɓare salatef ɗin tas. Da ya gama ya tsaya a ƙarshen layi ya rufe ido ɗaya. Ko zare aka ja bai fi haka miƙewa ba.

Sai ga Auta, da katin aiki rataye a wuya, abokan karatunta biye da ita. Ta tsaya cak a bakin ƙofa.

"Baba, wa ya taɓa ɗakin nan?"

"Ni ne. Ai kun bar giɓi, 'yar nan. Ba sai kin gode ba."

Ta rufe ido na ɗan lokaci. "Baba, da yawa daga cikin baƙina a keken guragu suke tafiya. Giɓin nan wurin zamansu ne, kowa kusa da abokin sana'arsa. Hanyar kuma don keke biyu su iya giftawa, salatef ɗin shi ne alamar inda kowane keke zai tsaya. Ga shi motarsu ta kusa tasowa daga masauki."

Tsumman ya zame daga kafaɗarsa bai ma sani ba. Ya waiga, ya ga wata mata mai tabarau tsaye can gefe da takarda a hannu. Ba sai an gaya masa ba, malamarsu ce, kuma ta ga komai. Shi da ya zo ceton 'yarsa, shi ne zai kayar da ita da hannunsa.

Auta ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta kira direban baƙi ta ce idan sun iso ya sauke su ta ƙofar gefe. Ta tura wata ta gaya wa masu abinci su kai shayi can, a fara da shi maimakon a jira tsakiyar taro. Ta ce a mayar da teburin rajista wurin shayin. Sannan ta buɗe wayarta, ashe ta ɗauki hoton ɗakin tun jiya. Ta hau ɗan dandamalin gaba ta fara nuni da hannu.

"Layin farko, cire ta uku da ta huɗu. Baffa direba, kai da samarin nan ku buɗe tsakiya. Baba, kai ka fi kowa ido, bi bayansu ka daidaita."

"To, ranki ya daɗe," direba ya ce, yana zungurin amininsa. "Ka ji ko? Yau kai ne yaron shago."

Mai Kujeru ya ci gaba da aiki. Yana tura kujeru da gwiwa yana satar kallonta. Wayarta na ƙara, mutane na zuwa da tambaya ta kowane gefe, tana sallamar kowa da kalma biyu. A nan ne ya lura da wani abu. Tun da ta shigo ɗakin ba ta ɗaga kujera ko ɗaya ba, amma ba a motsa ko ɗaya ba sai da izininta.

Baƙi suka shigo suna hira, wasu da kofin shayi a hannu, babu wanda ya san an yi wani abu. Kekunan suka bi hanyar tsakiya, kowanne ya shige giɓinsa daidai. Wani dattijo mai sayar da takalma ya gyara kekensa a layin gaba, ya juya yana tsokanar na kusa da shi. Mai Kujeru ya daɗe yana kallonsa.

Ya lallaɓa wurin malamar. "Malama, laifina ne. Don Allah kada a ɗora wa yarinya."

Ta cire tabarau tana murmushi. "Baba, taron da ya tafi lafiya lau ba ya nuna mana komai. Ni yau ka rage mini aiki."

Wata ajiyar zuciya ya yi, har direba ya ce ya zaci taya ce ta sace. Ya nufi ƙofa zai tsaya inda ya saba tsayawa a kowane taro, sai Auta ta riƙo hannunsa ta kai shi wata kujera a gefe. Ya ɗauko tsumma zai goge, ta ƙwace.

"Na goge, Baba. Zauna."

Ya zauna har aka tashi. A mota, kan hanyar komawa, da suka kusa shago ya juya wurin direba. "Mutumina, ashe ba kujera ba ce," ya ce, ya jingina kansa ya yi barci.

Ta ci jarrabawar. Ya ga ranar da aka yaye su, ya ga ta fara aiki a wani kamfanin shirya taruka, kafin ciwo ya kwantar da shi. A kwanakinsa na ƙarshe duk wanda ya zo dubiya sai ya ba shi labarin salatef ɗin nan, yana dariya har tari ya sarƙe shi. Bai tafi da nauyin shakkar karatun Auta a ransa ba, mu da muka san shi wannan ne ke sanyaya mana zuciya.

Ranar zaman makokinsa direba ne ya jera kujerun a ƙofar gida, yana jerawa yana share ido da tsumman marigayi. Wani maƙwabci ya ce masa, "Malam, ka bar giɓi a layin gaba."

"Na sani," ya ce. "Tun daga taron Auta haka mai kayan yake jerawa."