Uwar da ke Cikin Kwali

Ɗakin da na gina wa Iya a gidana na Haɗejiya ya fi kowane ɗaki iska. Taga biyu na sa masa, na ɗaga daɓensa saboda damina, har gadon ƙarfe na saka. Ba ta taɓa kwana a ciki ba. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗa, sai dai ta ce "malamin nan", balle a ce ta tare a gidana tana cin tuwon matata. Ƙauyenmu yana cikin fadama, can bayan Auyo, duk shekara kuma idan ruwa ya zo sai ya raba su da kowa. Ƙafafunta sun fara kumbura, asibiti kuwa yana gari. Duk zuwan da zan yi da maganar nan nake zuwa, amsa ɗaya kuma nake komowa da ita: sai an yanke shinkafa. Aka yanke shinkafar, aka cinye, aka sake shukawa, Iya tana nan inda take.

Da ɗakin ya daɗe a rufe, sai kwamfuta ta shige shi. Ita ma ba gaba ɗaya ta zo ba, gaɓa-gaɓa ta zo.

Wajen ƙarshen mulkin soja ne. Ina koyar da lissafi a sakandare, na kuma gaji da buga tambayoyin jarrabawa a tsohuwar tafireta, wadda ba ta san alamar lissafi ko ɗaya ba, sai na bi da hannu ina zanawa. Abokin aikina malamin kimiyya, mutumin Filato, shi ya zuga ni. Ya taɓa ganin cikin kwamfuta a Jos, tun daga nan bai sake barin kowa ya huta ba. Ya ce sayen haɗaɗɗiya na bankuna ne, irinmu haɗawa muke yi da kanmu. Yadda yake faɗa sai ka ce akurkin kaji za mu kafa.

A Kano ake samun kayan, wajen wani mai shago a Sabon Gari da ke sayar da na hannu, waɗanda suka gama aiki a ƙasar waje. Shi ya koya mini sunayensu. Akwai akwati, akwai ƙwaƙwalwa, akwai ma'ajiya, da 'yar fanka, da wasu siraran farantai da ake sokawa a tsaye. Sai kuma wani koren allo mai faɗi, wanda yake kira uwa, domin komai a jikinta yake maƙale. Ya ce uwa ake fara zaɓa, sannan a nemo 'ya'yan da za ta karɓa. Ni kuwa na riga na yi gaban kaina, na sayi ƙwaƙwalwa a wani wuri don na same ta da araha. Uwar ta ƙi ta, ko ramin bai yi daidai ba. Na mayar, aka canja mini da ƙyar. Na dawo gida, sai ga shi farantan nan ma gajeru ne, uwar dogaye take so. Na sake komawa.

Hanyar Kano ta cinye ni a shekarar nan. Ka fita Asabar da asuba, a matse ku a motar haya, kwali a cinyarka kana kare shi da hannu biyu, na kusa da kai kuma ya rungumo kwandon bandar kifi. Har yau idan na ji warin banda sai na tuna da kwamfuta.

Haɗawar a kan tabarma muka yi, a ɗakin Iya, gadon ƙarfe ya zama teburinmu. Malamin kimiyya ya kafa doka: a cire takalmi, kuma kafin a taɓa komai sai an taɓa ƙarfen taga, wai don wutar jikin mutum ta sauka. Matata ta leƙo ta gan mu, manya biyu muna shafa taga kamar masu neman tabarraki, ta koma ciki. Kusoshin ƙanana ne, suna faɗuwa suna shigewa saƙar tabarma. Akwai kuma wasu 'yan robobi da ba su kai ƙwayar shinkafa biyu ba, da ake cirewa daga wannan haƙori a mayar a wancan, da hantsakin cire ƙaya muka yi aikinsu. Muka gama, sai jiran wuta. Ranar da ta zo, rabi ta zo, ƙwan lantarkin ɗakin ja wur kamar garwashi. Na ce mu dakata, malamin kimiyya ya ce ai ta isa. Muka kunna. Fanka ta juya, ta tsaya, sai wani ƙauri kamar an ƙona roba. Gilashin kwamfutar bai nuna ko ɗigo ba.

Ya ce a mayar da uwar Kano a gwada ta. Ni kuwa ko sunan Kano ba na son ji. Na naɗe ta a tsohon zanen matata, na sa a kwali, na ba wani direba a tasha, na kwatanta masa shagon.

Ana tsakiyar ruwa a lokacin, fadama ta cika ta batse. Wata Laraba na taso daga makaranta, tun daga bakin layi na hango tabarmi a ƙofar gidana, maƙwabta zaune. Daga ciki kuma ina jin kukan matata. Mai shagon da ke jikin gidanmu, wani dattijo da duk saƙon unguwa ke sauka a wurinsa, ya taso ya riƙe mini hannu.

"Malam, sai haƙuri. Ɗan acaɓa ya kawo saƙo ɗazu. Iya ta rasu."

Ban tambayi wane ɗan acaɓa ba. Duk saƙon ƙauyenmu ta hannunsu yake zuwa. Ko ɗaki ban shiga ba, na hau mashin zuwa Auyo da allin makaranta a hannun rigata. Daga can sai kwalekwale. Mai tuƙi yana ratsa ciyawar kacala da gora, ni ina zaune a tsakiya, hawaye sun ƙi zuwa. Abu ɗaya nake juyawa a rai: ga ɗaki mai taga biyu na gina, ga asibiti tafiyar ƙafa, amma a cikin ruwa ta cika. Haushi nake ji, nata da nawa, ban san wanne ya fi ba.

Na shiga ƙauye ban ji koke-koke ba. Na ce ko an riga an kai ta. Na shiga gida da sallama a ciki-ciki, sai ga Iya a gindin murhu, ta miƙe kumburarrun ƙafafunta, tana juya tarwaɗa a kan wayar gashi. Ta dube ni sau ɗaya ta kau da kai, yadda ta saba, ta tambayi ƙanwarta da ke gefe ko lafiya malamin nan ya zo da tsakar mako. Na zauna a ƙasa cikin toka.

Sai a zaune nan kaina ya fara aiki, na tuna da kwalin. Daga baya na bi sawun maganar har tushe. Mai shagon Kano cewa ya yi da direba: "Ka ce wa Malam uwar ta mutu, sai haƙuri." Direba bai san abin da ke cikin kwali ba, ya ga kuma wannan ɗanyar magana ce, dabba ce ke mutuwa, ba uwar mutum ba. Da ya iso tasha ya ba ɗan acaɓa saƙon, sai ya gyara shi, ya ce mahaifiyar Malam ta rasu. Ɗan acaɓa ya ƙara da Allah ya jiƙanta. Sunan Kano kuwa ya faɗi a hanya. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, ladabi kowa ya yi.

Na ba su labari. Iya ta yi dariya har da tari, ban taɓa jin ta yi irinta a gabana ba. Ta tambayi ƙanwarta wace uwa ce wannan da malamin nan ya yi a gari, kuma a ina take kwana. Na ce a ɗakinta.

"To ai ɗakin ya sami mai shi," in ji ta.

A ranar na ajiye kunya, na yi mata magana kai tsaye, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Iya, yau na shigo kwalekwale ina zaton gawarki zan tarar. Don Allah ki taso mu tafi." Ta daɗe tana juya kifin da bai buƙaci juyi ba. Sannan ta ce, ba da ni ba, da murhun, ai shinkafa ta kusa.

Na kwana, na dawo ni kaɗai. An naɗe tabarmi, dattijo mai shago ya kasa haɗa ido da ni har tsawon mako. Sauran unguwa kuwa suka sami abin yi. Duk wanda ya gamu da ni sai ya rusuna ya ce ya ƙarin haƙuri, har 'yan ajina. Ban iya yin fushi ba, ƙarfinsa ma ba ni da shi.

Na sake shiga motar Kano, na zaɓo wata uwar, wannan karon har da na'urar daidaita wuta. Muka sake shafa taga, muka sake rarrafe muna neman kusoshi. Muka jira ranar da wuta ta zo cikakkiya. Fanka ta juya ba ta tsaya ba, akwatin ya yi 'yar ƙara sau ɗaya, fararen haruffa suka fito a gilashi. Malamin kimiyya ya miƙe yana tafi yana gode wa Allah. Na yi zaton ni ma zan yi murna, amma bayana kawai nake ji yana ciwo. Washegari na kwashe komai na mayar falo, inda yara ke iya taɓawa, matata tana mita. Na share ɗakin, na tsince kusoshin da suka rage a tabarma, na shimfiɗa sabon zanen gado, na buɗe tagogin.

Aka yanke shinkafa. Na je, ta ce sai an sussuke. Na koma, ta ce zafi ya yi yawa a gari, bari ruwa ya sauka. Kwamfutar kuwa ta yi aiki, na buga jarrabawar zango biyu da ita, alamomin lissafi suna fitowa tsaf.

Damina ta zagayo, ruwa ya sake rufe hanya. Wata safiya ina tsaye a gaban allo, sai na ga dattijo mai shago a bakin tagar aji. Ya rufe shagonsa, ya tako da ƙafa har makaranta, bai yarda ya aiki kowa ba. Na fito. Ya cire hularsa ya mayar, ya dubi ƙasa.

"Malam, na tsare ɗan acaɓan na tambaye shi sosai, daga ina, wa ya aiko shi," ya ce. "Wannan karon ba uwar kwalin ba ce."