Daƙiƙa Arba'in da Ɗaya na Baba Amastan

Baba Amastan haifaffen Gougaram ne. Shekara ashirin da shida ya yi yana tuƙa kamiyo, wato babbar motar kaya, a kamfanin yuraniyom. Da aka rufe ramin da yake aiki, sai ya sayi tsohuwar Toyota ya koma kai saƙo daga Arlit zuwa zangunan makiyaya na Gougaram da Dannet. Bai iya karatu ba, ba ya ba kowa takarda. Ka miƙa masa magani ko buhun gero ko zoben amarya, ka faɗi sunan mai shi sau ɗaya, shi ke nan. A gaban shagona yake lodi duk Talata, ni kuma komai sai na ƙirga, don haka na san ba ya tashi da ƙasa da saƙo talatin.

Ni Halidu, gyaran salula nake yi. Bara wani shafin intanet ya shigo gari, wai Rana Riba. Ka zuba kuɗi a gonar hasken rana, kwana goma su ninka. Na zauna na bincika shi. Kwanansa goma sha tara da buɗewa. Adireshin ofishinsu ko sunan gari babu. Hoton gonar kuwa na same shi a wani shafin, da sunan wata ƙasa. Alama uku ke nan. Amma duk wanda ka kawo ana ba ka kaso, sai na rufe ido.

Na lallaɓa Baba ya sa ɗan kaɗan. Kwana goma suka biya shi, kamar yadda suke biyan na farko. Na ɗaga waya zan ɗauke shi bidiyo.

"Baba, ɗan faɗa mata abin da ka gani."

"Kai ɗan Tahoua, ni da ko hoton katin ɗan ƙasa sai da aka yi da gaske?"

"Daƙiƙa kaɗan ne, Baba."

Ya gyara amawalin rawaninsa ya ce, "Ni Amastan, na sa, na samu." Ya ƙara da addu'a. Daƙiƙa arba'in da ɗaya duka. Na tura bidiyon a rukunin hira shida na waya, a ƙasa na liƙa mahaɗin da ke kawo mini kaso.

Makiyayan nan babu wanda ya san shafin. Amastan suka sani. Cikin wata guda mutum tamanin da huɗu suka shiga ta hannuna. 'Yargata, wata gwauruwa a Dannet, akuya bakwai ta sayar. Daga nan shafin ya ce sai an biya haraji kafin a cire, wasu suka biya, ranar Juma'a ya ɓace.

Talatar da ta biyo baya saƙo huɗu kawai aka kawo. Rhissa, makiyayin da ya yi shekaru yana aiko da gishirin dabbobi ta hannun Baba, ya zo ya sauke buhunsa da kansa.

"Ban ce kai ɓarawo ne ba, Amastan," in ji shi. "Amma yanzu ban san wane ne yake magana da bakinka ba."

Da mutane suka watse, Baba ya shigo shago ya zauna a kan benci.

"Halidu, ka san ƙarya ne?"

"Na ga alama uku, Baba."

"Uku." Ya dube ni. "Har ka ƙirga su."

Ya sa na ɗauki wani bidiyon yana ba da haƙuri. Na farkon an kalle shi fiye da sau ɗari shida a nawa shafin kawai. Wannan, sau sha biyu.

Sai ya ce in rufe shago duk Talata in hau mota. Tun daga lokacin, zango ashirin da uku muka tsaya. Shi zai ce, "Na faɗa muku abin da ban sani ba, ku yafe mini." Ni kuma in fito da waya in nuna yadda ake duba shekarun shafi, da adireshi, da asalin hoto, in ce duk wanda ya nemi kuɗi kafin ya ba ka naka, a guje shi. Ana sa mini albarka. Baba bai taɓa gaya musu cewa na sani tun farko ba, ni ma har yau bakina ya kasa.

Talatar da ta wuce saƙo goma sha ɗaya ya ɗauka. Rhissa ya dawo da buhunsa. 'Yargata kuwa wani direban take ba nata, in mun wuce bukkarta sai ta juya baya.