Rigar da Aka Sa wa Bula

A shekarun da na yi ina yi wa 'yan sanda binciken sinadarai a Tamale, abin da nake nema bai cika kai ƙwayar gero ba: ɓarɓashin fenti, zare, toka. Mota ba ta buge mutum ta wuce haka nan, sai ta bar ɗan fentinta a tufarsa. Ni kuma in kankaro shi, in duba a madubin ƙara girma, in ɗiga masa sinadari, in faɗi inda ya fito. Da datti nake cin abinci, shi ya sa ba ma shiri da masu tsafta.

Wata rana aka buge wani tsoho mai sayar da goro a hanyar Gurugu, ya cika nan take. Aka kama wani direban yalo-yalo, keken hayan nan mai ƙafa uku, don shi aka tarar durƙushe a kan gawar. Ya rantse taimako ya tsaya yi, wata shuɗiyar motar kaya ce ta yi ɓarnar ta gudu. Ba wanda ya gani. In na sami shuɗin fenti a rigar mamacin, a saki direban. In ba haka ba, sai gidan yari.

Rigar tana wurin matar marigayin a Nyohini. Tana takaba, ba ta fita, sai na aika mata cewa gobe zan zo karɓa. Wannan aiken shi ne wautata.

Ta fito da ita a ninke cikin sabon ɗankwali, fara fat, tana ƙamshin sabulu.

Na ce, "Mma, wa ya taɓa rigar nan?"

Ta ce, "Ni mana, ɗana. Jini ya ɓata shi paa, ba kaɗan ba. Yaya zan ba babban mutum rigan maigida da datti? Sau uku na wanke shi, na sa bula, na yi guga."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma me zan ce wa mai takaba? Na yi mata gaisuwa, na karɓa da hannu biyu.

Kwana biyu ina bin ɗinki da aljihu da hantsaki. Shuɗi kam na samu, ko'ina ma. Duk wanda na gwada, bular wanki ce, irin wadda ake ƙullawa a kasuwa. In ma akwai fenti, ya bi kwata. Na rubuta cewa ban sami abin da zai gaskata direban ko ya ƙaryata shi ba, aka mai da shi gidan yari jiran shari'a. Har na bar aikin yana can.

Ranar da na kai mata rigar, ta shafa ta, ta dube ni.

"Ka ga ya fita tas, ko? Ban ba maigida kunya ba?"

Na ce, "Ba ki ba shi kunya ba, Mma."