Faifan Da Ban Canza Wa Adda Ba

Ba zan faɗi sunana ba, saboda iyayena suna raye kuma sun sha kunya ta ishe su. Na yi karatun kwamfuta a jami'a, na yi bautar ƙasa, na dawo gidanmu a unguwar Sintali. Tun ina ƙarami ni mai tsoron kuskure ne, idan na kulle ƙofa sai na koma na taɓa kwaɗon sau biyu. Da aiki ya ƙi samuwa, wani maƙwabcinmu ya ba ni wurin ajiye tebur a gaban shagonsa, na fara gyaran kwamfuta. Mutane suka riƙa kirana Injiniya. Ina ga wannan sunan ya shiga kaina fiye da yadda na sani.

Wata rana wata malamar makaranta daga Nukkai ta kawo tsohuwar laftof ɗinta. Ta girme ni sosai, don haka Adda nake ce mata, wato yaya da Fulatanci. Ta ce kwamfutar tana ɗaukar lokaci kafin ta buɗe, kuma tana wani ƙas-ƙas daga ciki. Na gane faifan ajiyarta ne yake shirin mutuwa. Na ba ta shawara a saka mata SSD, wato sabon nau'in faifai mai sauri wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa. Ta yarda, amma ta dafa murfin kwamfutar ta ce:

"Injiniya, ka bi a hankali. Muryar Baaba tana cikin nan."

Kafin mahaifinta ya rasu ta yi ta ɗaukar muryarsa da waya, yana ba da labarin zuriyarsu da Fulatanci, daga inda kakanninsu suka taso da shanu har suka zauna a nan. Ta kwashe duka ta zuba a kwamfutar.

Kuskurena na farko ƙarami ne. Ban buɗe kwamfutar na duba irin gurbin da take da shi ba. Na kira wani dila mai sayar da kayan kwamfuta a Kano na ce ya aiko mini da siririn SSD ɗin nan mai kama da sandar cingam, don shi ake yayi. Da ya iso na kwance kwamfutar, sai na ga babu inda zan soka shi. Tsohuwar ƙira ce, SSD mai faɗi kawai take ɗauka. Na kira dilan, ya ce tunda na yage leda ba ya karɓa.

Abin da ya kamata in yi a fili yake: in kira Adda in ce na yi kuskure, ta ba ni mako guda. Na ɗauki waya, in ban manta ba, har sau uku. Kunya ce ta hana ni, wai mai digiri bai san gurbin faifai ba. Sai na share tarkacen da ke nauyaya kwamfutar, na mayar da tsohon faifanta, na ɗaure. Ta ɗan yi sauri kuwa. Da ta zo ta tambaye ni ko yanzu muryar tana cikin aminci, don ƙaninta yana son wayar da ta yi ɗaukar da ita. Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Ta yi mini godiya da Fulatanci, ta tafi.

Na gaya wa kaina zan gyara kafin wata ya ƙare. Ban gyara ba. Na sayar da siririn SSD ɗin ga wani, kuma na gano cewa yawancin mutane ba sa buɗe kwamfutarsu. Daga nan abin ya zama sana'a. Duk wanda na ga bai san kan abin ba, sai in karɓi aikin canza faifai, in yi shara kawai, in mayar masa da nasa. Daga baya har nakan cire kaya masu kyau daga kwamfutar mutum in saka na gwanjo. Ba zan ce ban ji tsoro ba, amma tsoron bai hana ni komai ba.

Bayan wasu watanni faifan Adda ya mutu. Ranar ba na nan, sai ta kai wa wani mai gyara a Abbare. Ya buɗe a gabanta, ya nuna mata tsohon faifanta da ƙurarsa. Ya yi iya ƙoƙarinsa, bai ceto ko fayil ɗaya ba. Wayar kuwa ƙaninta ya riga ya goge ta tun tuni.

Ta kai ƙara wurin 'yan sanda. Da labari ya bazu, wasu suka kai nasu aka duba, suka kai ƙara su ma. A kotu ban yi musu ba. Alƙali ya tambaye ni me ya sa ban faɗa mata gaskiya tun farko ba, amsar gaskiyar kuwa, wato kunya, abin dariya ce. Na yi wata goma a gidan gyaran hali. Ba zan tsawaita a kan zaman can ba, sai dai in ce mahaifiyata ta zo sau ɗaya, ta ajiye abinci ta fita.

Da na fito, kawuna ya raka ni Nukkai neman gafara. Adda ta bar mu muka gama magana tsaf, har da zancen kuskuren odar da na yi, sannan ta ce ta yafe don Allah. Muna shirin tashi ta ƙara da cewa:

"Da ka ce mini ka yi odar da ba daidai ba, ƙanena, ai ko wata biyu ne zan jira ka."

Matasa masu shiga wannan sana'a, ban isa in yi wa kowa wa'azi ba, amma ga abin da na sani. Kafin ka yi odar SSD, duba lambar ƙirar da ke ƙarƙashin kwamfutar, sannan ka buɗe ka gani da idonka ko mai faɗi take ɗauka ko siriri. Siraran ma iri biyu ne, wani zai shiga gurbin amma kwamfutar ba za ta gan shi ba. Wasu kuma faifansu a liƙe yake, ba ya canzuwa sam. Kwafe kayan mutum a wani wuri kafin ka taɓa sukuru ko ɗaya. Idan duk da haka ka yi kuskure, ka faɗa a ranar, tun yana kuskure bai zama zamba ba.

Na koma teburina, ko da yake masu zuwa sun ragu. Yanzu a gaban mai kwamfuta nake buɗewa, in na gama in danƙa masa tsohon faifansa a hannu. Adda ta taɓa wucewa ta gaban shagon, na gaishe ta ta amsa. Na ji an ce tana bin tsofaffin danginsu da littafi, tana rubuta abin da suka iya tunawa daga labarin Baaba.