Jinginar da Ta Rame a Banki

Ni ban taɓa zama a bencin lakwal, wato makarantar boko, ba, amma shekara talatin ina karɓar jingina a unguwar New Bell ta Douala. Mace ta kawo turmin atamfa ko warwaron zinari, in ba ta rabin kuɗinsa, ran da ta biya ta ɗauki abinta. In gara ta ci zanen a hannuna, asarata ce. Haka na gada wajen uwata.

Abin da na samu a cinikin zannuwa ban taɓa kai shi banki ba. Atamfa nake saya, 'yar Holan, in jera a akwatin ƙarfe. Turmi arba'in da biyu na tara. Kujerata ce ta Makka.

Sai krizi ta zo, rikici da tsadar rayuwa. 'Yan adawa suka ce a kashe gari, ba kasuwa ba taksi, gwamnati kuma ta yanke albashi. Kowa ya zama ɗan siyasa, har mai tsiren bakin layinmu. Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, ma'aikacin buro ne, mai aikin ofis, yana zaune a Makèpè, yana shaƙe wuyansa da ƙyalle cikin wannan zafi na Douala. Shi ma aljanin ya hau shi, wai kansila yake so.

Yana da wasu takardu, hannun jari a kamfanin da yake aiki. Ya kai su banki jingina, suka ba shi rabin darajarsu. Na ce to, ashe su ma sun iya sana'ar. Ya sayi burodi da sardin da riguna masu hotonsa, ya raba tun daga unguwarmu har Grand Hangar. Aka ci, aka sa rigar, aka zaɓi wani.

Bayan zaɓe ya zo ya durƙusa.

"Inna, banki sun ce in ƙara jingina. In ban ƙara ba za su sayar da takardun, su bi ni cikon a kan gidana."

"Ka ci bashi na biyu ne?"

"A'a. Kamfanin ne ya yi rauni, darajar takardun ta sauka."

Na ɗauki mayafina na ce mu je.

Manajan yaro ne, bai kai ɗana ba. Ya yi min sannu irin ta 'yan Douala, ya ce, "Ashiya, Mama. Jinginar ce ta rame."

Na ce, "A hannun wa ta rame?"

"A hannunmu, amma..."

"To me kuke ba ta ci?"

Ya yi dariya, ya juya Faransanci da ɗana. Na ce su dawo inda nake ji. Na ce, "Ɗan nan, ni in na karɓi kaya ina dubawa da idona, in shinshina, in ja bakin zanen. Ku kun karɓi abin da ke ramewa, kun ce mai shi ya ciyar da shi. Ko ɓarawon kasuwa yana da kunya fiye da haka."

Ya nuna min inda ɗana ya sa hannu. Hannun ne kam, na san karkacewarsa.

Kwana uku ina lissafi. Jikokina biyar a gidan nan da banki ke son karɓa. Rana ta huɗu na aika aka kira wani Bakano mai shago a kasuwa. Tun da aka karya darajar kuɗinmu sefa atamfar waje ta ninka kuɗi, shi ya sani, ni na sani, muka yi ta ja har la'asar. Ya kwashe talatin da takwas.

Na ƙirga wa ɗana kuɗin, amma sai da ya ajiye min takardar gidan a cinya. Ya ce, "Haba Inna, ni ma?" Na ce balle ma kai.

Da lokacin tafiya ya zo na raka ƙawayena biyu filin jirgi, na ba su saƙon addu'a. Daga baya ɗana ya biya ni, sannu-sannu, shekara tara. Kafin ya gama gwiwoyina sun ƙi, likita ya ce ba ni ba ɗawafi. Yanzu in ya shigo gaishe ni sai ya ce Hajiya. Nakan ce ya bari, ban je ba.