Kawu Ilu Ba Ya Yi wa Akwati Waƙa

Duk kun san Kawu Ilu mawaƙi bai taɓa hawa mota ba. Daga Gwiwa har Kazaure a ƙasa yake zuwa, kalangu a hammata, baki na motsi. In direba ya tsaya ya ce, "Baba, hau in rage maka hanya," sai ya ɗaga masa hannu ya ce, "Jeka, ɗana. A hanya waƙa take samuna. In na shiga motarka, ina za ta gan ni?"

Da kuɗin man fetur suka shigo, wani ɗan kwangila ya ba shi babur sabo fil. Kawu ya yi godiya, ya sa aka tura masa shi zaure. Nan kaji suka mayar da shi makwanci.

Na ce, "Kawu, ka hau mana."

Ya ce, "Kyauta aka ba ni, ba umarni ba."

"To ka sayar."

"Kajin su kwana a ɗakinki?"

Lokacin 'yancin kai kuwa ban yi wayo ba, Inna ce ta ba ni labari. An aiko daga gidan hakimi wai a shirya waƙar murna. Kawu ya tambayi ɗan aiken, "Shi 'yancin nan ɗan gidan wa ne?" Aka yi masa bayani. Ya ce, "Ashe jiya aka haife shi. Ni ba na yi wa jariri kirari. A bari ya yi haƙori mu ga wanda zai fara ciza."

Shekarar da ya rasu ba shi kaɗai ta ɗauka ba. Tanko mai goge na Ɓaɓura ya tafi da bazara, ba wanda ya ɗauki kiɗansa ko sau ɗaya. Sale magini na Roni, mai zanen ƙofofin gidaje, ya bi shi da farkon damina, ruwa kuma ya shiga wanke aikinsa. Ni ina sakandare lokacin. Ana yin hutu na ari rikoda wajen malamarmu, na nufi Gwiwa.

Na dire ta gabansa na ce, "Kawu, abokanka sun tafi da nasu. Kai ma ba yaro ba ne. Zuba naka a nan."

Inna ta ce ba ni da ta-ido. Kawu ya ce, "Bar 'yar boko, ai ba ƙarya ta yi ba." Ya juya rikodar gaba da baya. "Tana amshi?"

"Ba ta yi."

"To wa zan yi wa waƙar?"

Matsalar ke nan. 'Yan amshinsa duk sun tafi Kano aikin kamfani, shi kuwa ba ya jan baiti sai da mai karɓa masa. Ya dube ni ya ce, "Ko ke za ki amsa?"

Ku da kuka san muryata, ba sai na yi bayani ba. Na dai yarda. Ya ce sai na iya amshi za a kunna akwati, kuma a tafe ake koyo. Haka na yi ta bin sa tsakanin gonaki da duwatsu, yana ja ina karɓa, mata na leƙe ta saman danga.

"Kin tari numfashina. Ke komai sai gaggawa."

"Kawu, hutu zai ƙare."

"Waƙar ta san da hutunki?"

Hutun ya ƙare ban kunna komai ba. Ranar tafiyata ya ce, "Ki dawo da kaka. Kin kusa, yanzu akuya ba ta gudu in kin buɗe baki."

Ana tsakiyar yankan gero aka aiko makaranta cewa Kawu ya rasu. Na mayar wa malama rikodarta da kaset ɗinta yadda ta ba ni.

Amshi ne kawai ya rage a kaina, baitocin sun tafi da mai su. Wani lokaci ina wanke-wanke sai in ji na rera ɗaya, in yi shiru in bar masa gurbin baitinsa. Yanzu na iya jira sarai.

Allah Ya jiƙan Kawu Ilu, da Tanko, da Sale. Allah Ya sa sun huta, Ya kyautata namu zuwan.