Kawu Iliya da Dandalin Sarkin Rum

Duk wanda ya zauna a unguwar Karantina ya san Kawu Iliya ba ya tafiya sai yana ƙirga taku. Hannu biyu a baya, kai a sama, baki na motsi. Ko ihu kake yi ba zai kula ka ba. Abu ɗaya ne ke tsayar da shi: sallama. Dole ya amsa, lissafi ya ɓace, ya koma baya ya sake daga farko yana yi maka faɗa. Shi ya sa kuka laƙaba masa Muhandis, wato injiniya, alhali magini ne da ko sunansa da ƙyar yake rubutawa.

Ni Hajara 'yar ƙanwarsa ce, a hannunsa na sauka da na zo umara na ƙi komawa. Daga ni har shi ba mai iƙama, wato takardar izinin zama. In aka kama ɗayanmu sai jirgi, ni kuwa ga 'yan matana biyu ƙanana, ba uba. Mu da ya kamata mu riƙa raɓe-raɓe a jikin bango, sai Allah ya haɗa ni da mai auna titi!

Ciwon nan a wurin wani Bature ɗan Italiya ya kwaso shi, wanda ya yi wa leburanci yana saurayi. Mutumin ya bar masa littafi mai hotunan dandalin da wani sarkin Rum ya gina a tsakiyar birninsu tun zamanin da. Kawu bai taɓa taka Rum ba, bai iya karanta ko harafi a littafin ba, amma ya haddace wurin tsaf: fili shimfiɗe da marmara, ginshiƙai jere dama da hagu, zaurukan shari'a masu lanƙwasa kamar rabin faifai, can ƙurya ɗakin bautarsu. Liman ya taɓa ce masa, "Malam Iliya, gidan gumaka fa kake yabo." Ya ce, "Allah gafarta Malam, gumakan su suka sani. Ni dutsen nake kallo."

Wata rana mun je kasuwar Bab Makka sayen yadi, ya ce sai ya nuna mini tsawon dandalin. Ya fara daga bakin wani shagon turare. Bai yi nisa ba na ga masu talla suna naɗe shimfiɗa suna zurarewa lungu. Motar sintiri ce a gaba, ana tare mutane ana duba takardu, shi kuwa ya miƙe sak wurinsu.

"Kawu, don girman Allah mu juya!"

"Arba'in da shida, arba'in da bakwai…"

Saura 'yan taku. Sai na sha gabansa na ɗaga murya: "Assalamu alaikum!"

Ya tsaya cak. "Wa alaikumus salam. Amma ke dai muguwa ce, Hajara!" Ya juya shagon turare zai sake, na fizgi rigarsa muka faɗa lungu. Kwana biyu bai ci tuwona ba.

Kun kuma tuna katangar tsakar gidanmu mai gwiwa? Mai gida ya sa shi ya ja ta a miƙe, sai layin ya bi ta kan murhun Inna Asabe, tsohuwar nan mai tuyar ƙosai. Kawu ya lanƙwasa ginin ya zagaye murhun. Mai gida ya zo yana kumfar baki, Kawu ya buɗe masa littafi.

"Shuf, duba nan. Katangar bayan dandalin ke nan, dutse kan dutse ba siminti, an yi ta don tare gobarar unguwar talakawa. Ka ga kusurwar nan a karkace? Masu gidaje ne suka ƙi sayarwa. Sarki guda, duniya a hannunsa, bai ƙwace ba, ya kauce. Kai wane ne?"

Na ce, "Kawu, a hankali. Shi sarkin a garinsu yake, ba mai kai shi ƙara don ba shi da takarda."

Shekarar da aka rushe Karantina, aka zo aka fesa jan fenti a bangonmu, aka yanke wuta da ruwa. Na kama ɗaki a unguwar Hindawiyya na kwashe yara. Kawu ya ce ba inda za shi, wai in suka zo zai yi musu bayani, za su kauce. Ranar ƙarshe na koma da sassafe. Na same shi zaune kan bokiti, littafi a cinya, unguwa ta zama kufai.

"Kawu, halas, an gama! Kowa ya tafi. Yalla, tashi."

"Je ki abinki."

Ina roƙo ina kuka har ƙarar katafila ta cika lungun. Ga injiniya da farar hularsa, ga 'yan sanda biyu a bayansa. Ɗaya ya yafito ni. "Ya hajja, zo nan. Ina iƙama?"

Na shiga uku. Ba abin da nake gani sai yaran nan da na kulle wa ƙofa na ce yanzu zan dawo.

Sai tsohon nan, mai ciwon gwiwa, ya zabura ya ɗare bakin katafilar. Ya ɗaga littafi sama yana kwarara Larabcinsa na wurin gini: "Ya muhandis! Isma, saurara! Ka san Rum?" Direba ya kashe inji, injiniya na ihu, 'yan sandan duka biyu suka yi kansa. Yana ta zuba bayanin dutse da gobara, a tsakiya ya sako Hausa ba tare da ya kalle ni ba: "Hajara, lungun mai shayi, kada ki waiwaya." Ban waiwaya ba. Har na kai titi ina jiyo muryarsa.

Bayan 'yan makonni aka sa shi a jirgin Kano, mutumin da ya shekara arba'in bai ga gida ba. Da na same shi a waya na fashe da kuka ina godiya. Ya daka mini tsawa.

"Wa ya ce don ke na yi? Tun ina saurayi nake neman injiniya na gaske ya saurare ni. Ina kan bayanin katanga suka cusa ni mota, ko ginshiƙai ban kai ba!"

Bai cika shekara a can ba Allah ya yi masa rasuwa. Ban je jana'iza ba, don in na fita ba dawowa, kuma ya san haka tun yana kan katafilar. Har yau abin yana ci mini rai.

Ya Allah, ranar nan 'ya'yana sun ci abincin rana da uwarsu saboda bawan nan naka. Ka jiƙan Kawu Iliya, ka yalwata masa kabarinsa, ka ba shi gidan da ba mai ce masa ya tashi. Amin.